Jaririyar Tabawa a Birnin Magen Juda

A bayan garinmu, in ka wuce marina ka gangara wajen tsohuwar rijiyar da ta ƙafe, akwai wani jan suri mai ƙofa bakwai. Damina nawa ta zo ta wuce, ko gefensa bai zaizaye ba. To, ƙarƙashin surin nan birni ne guda, na magen juda da tunku da inyawara da sauran danginsu masu gajerun ƙafafu da dogon bindi. Mutum ɗaya na sani da ta shiga ta fito, ita ce Tabawa mai humra, matar Jatau mahauci. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, katangar kuma tana da ɓula, saboda haka ba a bakin kasuwa na tsinci maganar ba.

Tabawa ta iya turare, wannan ko maƙiyinta ya sani. Asirinta kuwa wata magen juda ce da take kiwo a bayan ɗaki, cikin wani keji dogo siriri wanda dabbar ko juyawa ba ta iya yi. Jatau ya kawo tarkacen nama a ba ta. Duk bayan kwana tara Tabawa ta kamo bindinta ta baya, ta sa cokalin ƙaho ta kwashe jibdar da ke taruwa a ƙarƙashinsa. Ɗanyar jibda ba ta shaƙuwa, wari gare ta mai hawa ka. Amma a sa ɗan kaɗan cikin kwalbar humra, amarya ta shafa, to ango sai ya manta hanyar gona.

Abu ɗaya ne ya gagari Tabawa. Haihuwa huɗu ta yi, huɗun nan duk suna kwance a bayan gari, ba wanda ya kai yaye. Da ta haifi ta biyar, mace, Gwaggo Dudu ungozoma ta miƙo mata ita, sai ta kau da kai ta juya wa ɗaki baya. Ta ƙi ɗauka, ta ƙi ba da nono. Gwaggo ce ke ɗura wa jaririya nonon akuya tana mita.

Ran kwana biyar Tabawa ta tashi zaune, idanu sun yi zuru-zuru.

Ta ce, "Gwaggo, na gano. Abin da ke ɗauke mini 'ya'ya ba ido gare shi ba, hanci gare shi. Warina yake ji a jikinsu ya biyo. To wannan kam ba zai ji ba."

Kafin tsohuwa ta ankara, ta je ta kwaso jibda cokali cike, ta mulke jaririya tun daga maɗiga har tafin ƙafa, tana yi tana kallon bango.

Gwaggo ta toshe hanci ta ce, "Ke 'yar nan, kin haukace ne? Jibi suna! Wa zai ɗauki wannan? Ko ƙuda ya shigo ɗakin nan sai ya suma."

Tabawa ta ce, "Haka nake so."

Washegari da hantsi ita da Gwaggo suka zaga wankan jego. Suna dawowa, shimfiɗa wayam, sai 'yan sawaye ƙanana a kan daɓe, sun fita ta ƙofa sun yi bayan ɗaki. Ihun da Tabawa ta yi, ni da ke bayan katanga sai da na saki muciya. Gwaggo ta fita tana salati tana leƙa gidajen maƙwabta. Ita kuwa Tabawa ta bi sawu da rarrafe har gaban keji, a nan sawun ya haura katanga.

Sai ta ji an ce, "Uwar ɗakina, yau ba ki zo da cokali ba?"

Magen juda ce ke magana, ta manna baƙar fuskarta a jikin sandunan keji.

Tabawa ba ta ko tsaya mamaki ba. Ta ce, "Don Allah, ina 'yata?"

"'Yarki? A wurinmu duk abin da aka goga wa jibda, na gidan mai jibdar ne, ko dutse ne ko kututture. Da hannunki kika rubuta ta a gidanmu. Dangina sun ji warin ɗiyarsu cikin 'yan Adam, sun zo sun ɗauki abarsu. Gobe da hantsi za a raɗa mata suna a can, yadda kuka shirya a nan. In suka riga ku, bindi zai fito mata, magana ta ƙare."

Tabawa ta fizge sakatar keji ta ce, "Kai ni."

Magen ta fito, ta yi taku biyu ta faɗi. Ta ce, "Shekara bakwai ban miƙe ƙafa ba. Sai dai ki goya ni."

Haka aka yi. Mace mai jegon kwana shida, da ko ƙofar zaure ba a yarda ta leƙa ba, ta ɗauko sabon majanyin da aka dinka wa jaririya ta goya magen juda, ta haura ta kangon baya. Da idona na ga wucewarta. Da suka isa suri, magen ta ce ta sa kai a ƙofa ta huɗu. Tana sa kai ta ƙanƙance, ƙasa ta haɗiye su.

Suka faɗo wani fili na jan yashi, ba rana a sama amma gari da haske kamar la'asar. Ko'ina ramuka, a bakin kowane rami wata 'yar halitta tana tsaye da ƙafa biyu, hannu a kan ciki, idanu kamar an zizara kwalli. 'Yan uwan tunku ne, sai dai ba mu da irinsu a ƙasarmu. 'Yan Tsaye ake ce musu, su ne masu gadin birni.

Babbansu ya matso ya ce, "Ya ke 'yar Adam, filin nan ba a ƙetare shi sai an yi gadi. Ki hau tudun can ki tsaya a kan yatsun ƙafa har 'ya'yanmu su gama kiwo. In kin hango Shaho ki yi kururuwa. Mai gadi kuwa shi ke shiga rami daga ƙarshe."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, jego nake, kuma gobe da hantsi..."

Ya ce, "Mu ma da masu jego muke gadi."

Ta hau. Ta tsaya har ƙafafu suka soma rawa, har jinin biƙi ya gangaro ya jiƙa yashi. 'Ya'yan nan kuwa ba su da gaggawa, su tono kunama, su yi wasa da ita, su cinye, su sake tono wata. Tana cikin haka sai inuwa ta rufe fili. Shahon nan, in ji ta, ya kai girman zauren mai gari. Ta kurma ihu. Kan ka ce me, kowa ya shige rami, sai wani ɗan mitsitsi da ya ruɗe yana ta zagaye wuri ɗaya. Tabawa ta diro daga tudu ta kife a kansa. Shaho ya kawo sura, ya tafi da kallabinta da rabin kitson jego, har da fatar kai.

Babban 'Yan Tsaye ya fito ya dubi jinin da ke bin kunnenta. Ya ce, "Gadi ya karɓu. Ki miƙe gabas."

Ba ta tsaya ɗaure kai ba. Ta yi ta tafiya, magen na daɗa nauyi a baya, har suka iso gindin wani baƙin dutse da ya tare hanya, ba sama ba gefe. Nan ne unguwar tunku. Ga su nan jajayen idanu, kowa da tabon sarar maciji yana nuna wa ɗan'uwansa. Sarkin Tunku na zaune a kan fatar gamsheƙa, gabansa ƙwai uku, kowane kamar tulu.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, biyu daga ƙwan nan gamsheƙa ce a ciki, ɗaya kuma hanya ce. Ki zaɓa. In kin zaɓa ki fasa yadda muke fasawa, ba yadda kuke yi a bakin kasko ba."

Tabawa ta durƙusa ta shinshina na farko, ta ji ƙarni mai sanyi irin na ƙasan randa. Na biyu ma haka. Na uku kuwa, can ƙasa-ƙasa, ta ji jibdar kejinta gauraye da nonon akuya. Ta ce, "Wannan."

To, yadda tunku ke fasa ƙwai, juya wa dutse baya yake yi, ya buɗe ƙafafu ya wurga ta tsakaninsu. Ku dubi Tabawa, macen da ko dariya ba ta yi sai ta rufe baki da gefen mayafi, ta tattare zane ta duƙa, da mage a goye, ta wurga. Ƙwai ya gangara ya tsaya a rabin hanya. Unguwa ta ɗauki shewa.

Wata tsohuwar tunku ta ce, "Wannan ko ƙwan zabo ba za ta fasa ba. Ke baiwar Allah, buɗe ƙafa, ba sallah kike ba!"

Ta sake, ƙwai ya daki dutse ya dawo bai ko tsage ba. Ta faɗi a kan gwiwa.

Sarkin Tunku ya ce, "Saura jifa ɗaya."

Magen ta raɗa mata a kunne, "Uwar ɗakina, ina ƙarfin da kike jan bindina da shi?"

Tabawa ta cije leɓe har ya fashe, ta wurga da duk abin da ya rage mata. Ƙwai ya tarwatse, dutse ya tsage biyu, sai ga wani reshen itace ya miƙa a kan rami mai zurfin da ba a ganin ƙasansa.

Ta hau reshe da rarrafe. Tun yana da faɗin tabarma har ya koma faɗin tafin hannu. Daidai wurin da ya fi siranta, sai ga wata kwance ta tare hanya, doguwa, siririya, jiki dabbare-dabbare, tana wasa da bindi mai zobe-zobe. Inyawara ke nan. Ita wannan da a garinmu take, da mun yi ƙawance.

Ta ce, "Sannu da zuwa, mai humra. Ni ba na son gadi, ba na son ƙwai. Labari nake ci. Ba ni wanda ba ki taɓa gaya wa kowa ba, in ɗaga miki."

Tabawa ta ce, "Humrar matar Sarkin Pawa, da man gyaɗa nake ƙara ta."

Inyawara ta yi hamma ta ce, "Wannan har ita ta sani."

"Jatau yana tsoron ƙadangare."

"Ina kan rufin ɗakinku ranar da ya hau gado. Ke, kada ki ɓata mini lokaci. Kina jin ganga?"

Can nesa kuwa an soma gwada ganguna. Reshe na lilo, hannun Tabawa na zamewa da jini. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun cikin nan yana wata uku nake roƙon kada ya zo da rai, don kada in sake sabawa a sake ƙwacewa. Da ta zo, ban dube ta ba. Yau kwana shida, in aka jera ta da wasu jarirai ban san fuskarta ba."

Inyawara ta daina kaɗa bindi. Ta ce, "Wannan ya ƙosar da ni. Da ma ban tambaya ba." Ta zame ta koma ƙarƙashin reshe, Tabawa ta wuce.

Birnin magen juda kuwa, duk ginshiƙi da bango da bakin ƙofa baƙi ƙirin ne saboda gogar jibda ta shekara dubu. A tsakiyar fada Uwar Juda na zaune, geza a miƙe tun daga wuya har bindi, ga jaririya kwance tsakanin ƙafafunta na gaba, an shimfiɗa mata gashi mai laushi. Tabawa ta kwance goyo ta sauke. Uwar Juda ta daɗe tana shinshinar ƙafafun magen nan da suka shanye.

Ta ce, "Wannan autata ce. Shekara bakwai muna cewa tarko ya ci ta."

Tabawa ta faɗi ta sa goshi a ƙasa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, na yi laifi, ku yi mini abin da kuka ga dama. Ga taki na kawo. Ki ba ni tawa."

"Ya ke 'yar Adam, a nan ba a shari'a da baki. Hanci ne shaida."

Dattawa uku suka fito suka shinshina jaririya, suka ce, "Tamu ce, daga kai har ƙafa." Suka zagaye Tabawa suna jan hanci. Ɗaya ya ce, "Sandal." Ɗaya ya ce, "Hawi da gajiji da miski." Na uku ya yi atishawa ya ce, "Ga jibdarmu ma. Ranki ya daɗe, matar nan ba ta da wari nata na kanta. Duk na aro ne."

Uwar Juda ta ce, "Wanda ba shi da wari ba shi da ɗa. Dokarmu dai ɗaya ce, sabon wari yana danne tsoho. In kina da naki, sai a tono shi. A kawo keji."

Aka kawo keji daidai tsawonta, ba wurin juyawa. Da kanta ta shiga. Aka ɗauko cokalin ƙaho aka soma kankarar ta, wuya, hammata, ƙarƙashin nono, bayan gwiwa. Cokalin farko aka shinshina aka zubar, turare ne. Na biyu aka zubar. Na goma aka zubar. Turaren shekara talatin ya shige fata, sai da fatar ta saluɓe. Ba ta san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, ta dai ji ganguna sun daina gwaji sun kama kiɗa sosai, dangi na ta shigowa suna zama layi-layi.

Ta ce, "Ku ƙara dannawa! Don Allah ku danna!"

Mai kankara ya ce, "Ba sauran wurin dannawa."

Sai autar Uwar Juda ta ja jiki ta zo gaban keji. Ta ce, "Uwar ɗakina, ni in kin rasa jibda tsokanata kike da tsinke har in fusata. Bari in rama." Ta juya ta ɗan ciji jaririya a dunduniya.

Jaririya ta tsala kuka. Nan take nonon Tabawa da ya yi kwana shida a ɗaure ya ɓalle, gumi ya karyo mata, hawaye na bi. Cokali ya cika har ya zuba. Dattawa suka shinshina suka ja da baya, suka ce, "Wannan nata ne. Kai, mutum da wari!"

Aka buɗe keji, aka miƙa mata cokali. Ta rarrafo za ta shafa, sai Uwar Juda ta ɗora ƙafa a kan jaririya.

Ta ce, "Tsaya ki ji, don kada ki ce an cuce ki. Abin da ya ɗauke huɗun farko ba ya shigowa birnin nan. In kin bar ta, za ta yi bindi, ba za ta san ki ba, amma za ta ga jikokin jikokinta. In kin shafa mata wannan, kin mai da ita inda ake jin warinki a biyo. Ba ni da alkawarin da zan yi miki. Mai raɗa suna ya riga ya miƙe. Zaɓi."

Tabawa ta tsaya da cokali a hannu yana ɗiga. Ta tuna ramuka huɗu a bayan gari, ƙanana, da yadda Jatau ke dawowa daga can ya zauna a zaure ba ya cin abinci. Ta ce a ranta, a bar ta mana ta rayu, ko da bindi. Har ta soma sauke hannu. Mai raɗa suna ya sunkuyo da bakinsa wajen kunnen jaririya.

Sai ta ce, "Bari in gan ta sau ɗaya."

Ta duba. 'Yar fuska ce jajir, ta yamutse da kuka, ga faffaɗan hancin Jatau an dasa mata a tsakiya ba tausayi, baki na ta lalube a iska.

Tabawa ta ture mai raɗa suna har ya wuntsila. Ta juye cokali a kan 'yarta, ta mulke ta, ta fizgo ta ta cusa mata nono a baki. Ta ce, "Yunwa take ji. In abin nan zai zo, ya zo ya same ta a ƙirjina."

Dattawa suka shinshina, suka ce, "Ta fita daga gidanmu." Ganguna suka mutu. Uwar Juda ta kaɗa bindi sau ɗaya, ƙasa ta tofo su a bakin suri.

Hantsi ya yi a garinmu. Maza sun cika ƙofar gidan Jatau, an raba goro, shi kuwa yana tsaye riƙe da rago da wuƙa, ya rasa ta yi. A ciki Gwaggo Dudu ta naɗe taɓarya da zane ta rungume, duk wadda ta ce a ba ta ta gani sai ta ce barci take. Sai ga Tabawa ta ratso tsakiyar maza, kai ba kallabi, rabi ba gashi, jiki duk a saɓule, jaririya na maƙale a nono. Liman da kansa sai da ya ja rawani ya rufe hanci.

Ta tsaya gaban Jatau ta ce, "Malam, raɗa mata yanzu. A nan, ba sai na shiga ba."

Ya saki rago ya sunkuya ya raɗa mata. Aka sa mata Zulai.

Wata uku bayan haka zazzaɓi ya zo, irin wanda ya zo wa sauran, a irin lokacin da ya zo musu. Gwaggo ta ce a kawo ta riƙe, don kada uwa ta ga fitar ran 'yarta. Tabawa ta ƙi. Ta sa yarinya cikin rigarta, fata da fata, ta zauna a tsakar gida tana fuskantar ƙofa. Kwana huɗu ina leƙe ta ɓula, ba ta kwanta ba, ba ta sauke ta ba. Ran na biyar na ji shiru ya yi yawa, har na ɗauko mayafi zan shiga gaisuwa. Sai na ji atishawa, na ji Tabawa ta ce, "Wayyo, a hankali mana, cizo kuma?"

Zulai dai 'ya'yanta tara yanzu, dukansu da hancin nan na Jatau. Su ne suka hana mangwarona nuna.